Akuyar da Ta Gane Ciyaman

"Maza ku loda su, kwamiti ya taso!" in ji daraktan shirin raba wa mata awaki.

Aka cusa awakin a mota, aka bi ta hanyar baya. Kafin 'yan majalisar jiha masu duba aiki su iso unguwa ta uku, awakin da suka gani a ta farko da ta biyu sun riga su. Kowace mace aka damƙa mata igiya, aka ce ta yi murmushi.

Ciyaman ɗin kwamiti ya gyara hula. "Madalla! Ko'ina awaki ƙosassu."

Sai wata ja mai karyayyen ƙaho ta fizge, ta nufo shi da gudu, ta hau lasar hannunsa.

"Ikon Allah!" in ji Ciyaman. "Kamar an tsaga kara da tawa ta gida."

Direban awakin ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ai taka ce. Dukansu wajen Hajiyarka muka ɗauko haya."

Ciyaman ya yi gyaran murya.

"Sakatare, rubuta: shiri ya yi nasara. Darakta, saura unguwa nawa? A ba su ruwa, kada su rame."