Maƙerin da Ke Cire Kunnensa In Za a Kira Shi

Kai da kake ganin tambaya zubar da girma ce, tsaya ka ji. An yi wani maƙeri da ya shekara arba'in yana dukan ƙarfe, ƙarfen kuma yana ramawa a kunnensa, har ya kai an ce ranar da aradu ta tsaga kukar ƙofar gidansa ko waiwaye bai yi ba. Da abin ya yi yawa, 'ya'yansa suka kai shi asibiti aka ba shi na'urar ji, 'yar ƙarama mai maƙalewa a bayan kunne. Ya dawo yana jin komai, har gulmar da maƙwabta suka saba yi a gabansa. Abu ɗaya ne ya gagara: waya. Da ya danna ta a kunne sai na'urar ta kama fito kamar buta a kan wuta. Shi kuwa mutum ne da bai taɓa tambayar kowa yadda ake riƙe wani abu ba. Sai ya yanke wa kansa hukunci: in waya ta yi ƙara, ya cire na'urar ya jefa a aljihu, sannan ya amsa.

To, yana da auta da ke aure can Kumasi, duk Juma'a sai ta kira. Ta yi ta zuba labari, shi kuma yana ta zuba “To, to, Allah ya yi albarka,” ba tare da ya ji ko harafi ɗaya ba, sannan ya kashe. Yarinya ta ɗauka Baba ya gaji da ita ne. Kira ya koma wata-wata, daga nan ya koma sai da Salla. Maƙeri ya riƙa ajiye wayar kusa da uwar maƙera yana satar kallonta, yana kuwa rama, amma ya ƙi tambayar kowa.

Wata rana wani Buzu mai shayi, abokin wasansa, ya zo gyaran wuƙa, ya ga ya cire na'ura zai amsa kiran wani mai garma. Buzu ya yi dariya har rawani ya kwance. “Kai bawana, wa ya taɓa kwance takalmi don zai taka ƙaya?” Ya yaye rawaninsa, sai ga irin na'urar a bayan nasa kunnen, shekara biyar ba wanda ya sani. Ya sa maƙeri ya mayar da tasa na'urar a kunne, ya kama hannunsa ya ɗaga wayar sama kaɗan, faɗin yatsa ɗaya, daidai saman kunne inda 'yar ƙofar da na'urar ke ɗaukar sauti take, ya ɗan karkata ta, ya ce kada ya danna. Fito ya ɗauke. Maƙeri ya manta da mai garma, ya kira Kumasi.

“Baba, kana jina kuwa?”

“Ina jin ki, Auta. Har keken ɗinkin da ke bayanki ina ji. Faro mini tun daga farko.”

Masu ƙari sun ce wutar maƙera ta mutu sau uku kafin ta gama labarin shekara biyu. Abin da na tabbatar, washegari maƙeri ya ƙera wa Buzu sabon mangal na shayi, ya kai masa da hannunsa, ya yi godiya irin wadda maƙeri bai taɓa yi wa Buzu ba, ko da yake a hanyar dawowa ya gaya wa kowa kyauta ce ubangida ya yi wa bawansa.

Waya tana hannunsa, na'ura tana aljihunsa, tsakaninsa da muryar 'yarsa faɗin yatsa ɗaya ne, ya shekara biyu yana kewa. Gaskiyar Hausawa: rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.