Wandon Hawan Kuka

Dogo mai ɗebo zuma ya jefa yagaggen wandonsa a gaban Cindo maɗinki, tsakiyar kasuwar Gagarawa.

"Malam Cindo, wannan ne saƙin da ka rantse zan shekara ina hawan itace da shi? Hawa ɗaya ya yage har cinya! Wallahi ka cuce ni!"

Mutane suka taru. Cindo ya soke allurarsa a hula, idonsa jawur. Ya zaro wani ƙyalle daga aljihu, ya ɗora kan yagewar. Ƙyallen ya zauna daram. Cindo ya dubi Dogo ya ce:

"A reshen kukar gonata na tsince shi jiya, kusa da amyata da aka kwashe. Dogo, ina zumata?"