Ba Makawa

"Me likitan ya ce?" Inna ta tambaye ni daga kan gadon asibiti.

A gabanta ya yi mini bayanin ciwonta da Turanci. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: inevitable. Abin da ba makawa sai ya faru.

"Cewa ya yi ba makawa za ki warke, Inna."

Ta yi murmushi. Na fita baranda, na ci kuka na ƙoshi.

Da na dawo, daga bakin ƙofa na jiyo ta tana waya da ƙanwata:

"Tun jiya ya faɗa mini da Hausa. Ni na roƙe shi ya yi wa yayanki da Turanci. Ki bar shi ya ɗauka ya ɓoye mini. Abin da ya rage zai iya yi mini ke nan."