Ihun Bara

"Ba 'yan kallo, ba mai zaginki, Kendra. Aiki ya yi sauƙi," in ji Mista Lindqvist, shugaban wasannin makarantar, ranar da ya zaftare mana rabin kuɗin alƙalancin wasa saboda korona.

Raina ya ɓaci. Da kuɗin nan nake biyan haya.

Aka fara ƙwallon kwando, kujeru wayam. Don yara su samu ƙarfin gwiwa, sai Mista Lindqvist ya kunna musu ihun 'yan kallon bara da aka naɗa a lasifika. Cikin hayaniyar wata murya ta fito tar: "Ke makauniya, uban wa ya ba ki usur?"

Muryarsa ce.

Na busa usur ɗin, na nuna masa ƙofa.

"Mai zagin alƙali waje yake fita, yallaɓai."