Ɗauka Ta Ashirin

"A sake!" in ji darakta, karo na goma sha tara.

Mai kyamara ya ja tsaki ƙasa-ƙasa. Kowa a ɗakin ya san ɗaukar farko ta yi, har mai kwalliya sai da ta share ƙwalla. Amma matar nan ta kafe, wai maganar ba daga zuciya ta fito ba.

Jarumin ya haura saba'in. Shekara talatin da suka wuce, a kashi na ɗaya na fim ɗin, shi ne ya diro daga saman gada, ya tarwatsa 'yan fashi shida, ya ajiye jaririyarsa a ƙofar maƙwabta da alkawarin zai dawo. Fim ya ƙare bai dawo ba, 'yan kallo suka yi ta tafi, ba wanda ya tambayi jaririya. Yanzu ko daga kujera sai an kama hannunsa yake tashi.

A wannan kashi na biyu, masu fim ɗin sun so a kashe shi a minti na biyar, a miƙa wa sabon jini bindiga. Darakta ta ce sam, sai tsohon ya koma ƙofar nan ya nemi gafarar 'yarsa, in ba haka ba a nemi wani darakta.

Ganin ƙarfinsa na ƙarewa, ta sallami wadda ke fitowa a matsayin 'yar, ta tsaya da kanta a gefen kyamara don ya sami inda zai kalla. Ta matso ta kunnensa na dama, wanda ke ji.

"Baba, ka manta da wasa. Faɗa kawai."

Tsohon ya dube ta. "Na tafi na bar ki. Ba ni da hujja. Ki yafe mini, 'yata."

Da ƙyar darakta ta iya cewa ya isa.

Sai ya goge ido, ya washe baki. "Kin gani ko, ranki ya daɗe? Ni kuka ba ya min wuya, ko sau ɗari kike so zan kawo miki."

Ta shige bayan labule, ta toshe baki, ta yi kuka mai cin rai. Tana shekara huɗu ya fice daga gidan uwarta, makon da kashi na ɗaya ya fito, ga shi yau ya kalli tsakiyar idonta bai gane 'yar cikinsa ba.