Harawar Wake da Ƙarfen Ƙulli

An yi wani manomi a wani gari na gefen fadama, yana da tsohuwar tarakta ja wadda ta girmi babban ɗansa. A gwanjo ya saye ta, lokacin da aka rufe gonar gwamnatin da ya yi wa direba da ƙuruciyarsa. Tare da ita ya sayi injin da take ja a baya, mai tsince harawa daga ƙasa, ya matse ta, ya ɗaure da igiya, ya tofo ta dami-dami kamar bulo. Taraktar ta daɗe da daina tashi da makulli. A kan tudu yake ajiye ta, in zai fita ya sake ta ta gangara, har ta yi tari ta kama. Duk da haka ita ce ƙarfinsa. 'Ya'yansa sun tafi birni, bayansa ya daina yarda da sunkuyo, ragunan da yake turkewa kuma ba su da abincin rani sai harawar waken gonarsa.

Wata kaka wake ya yi kyau. Ya yanke harawa ya shimfiɗa ta layi-layi, siri-siri, yadda injin yake so. Ta sha iska ta bushe daidai, ganyenta kore, ƙamshinta har bakin hanya. Ranar ɗauri injin ya tofo dami kaɗan lafiya lau, sai na gaba ya fito a warwatse. Da ya leƙa ciki, ya ga wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin tsuntsu, wanda ke murɗa igiya ya ƙulla ta, ya karye biyu. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Maƙwabcinsa ya ce a yi gayya gobe da sassafe, tun raɓa na kan ganye yana da laushi, a ɗaure da hannu a ɗora bisa rumfa kamar yadda kowa ke yi. Manomin ya auna shawarar a ransa. Damin hannu sako-sako ne, ga cin wuri, ga ɓarna wurin ɗauka. Kuma shi da ke ɗaure wa mutane da inji, a ce yau a taru a ɗaure masa da igiyar kaba? Ya yi godiya, ya sa karyayyen ƙarfen a aljihu, ya ce wa maiɗakinsa kada kowa ya taɓa layukan, jibi yana nan.

Bakaniken garinsu ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Maƙeri ya ƙera masa wani, aka ɗaura, ya riƙa tsinka igiya. Ya shiga mota zuwa birni, ya bi rumfunan masu kayan gyara ɗaya bayan ɗaya. Kowane mai shago sai ya juya ƙarfen a tafin hannu ya ce, "Baba, ai irin wannan ya ƙare tun ba a haife ni ba, amma ka gwada wajen 'yan gwangwan." 'Yan gwangwan suka bar shi ya tona tulin ƙarafa har tsatsa ta rine masa riga, sannan suka kwatanta masa wani gari a gaba. Kullum ƙarfen yana gari na gaba. Maiɗakinsa ta kira shi a waya ta ce, "Malam, ganye fa ya fara karkaɗewa." Ya ce saura ƙiris. Da gaske yake faɗa, domin wanda ya yi nisa haka yana ganin komawa hannu rabbana ta fi ci gaba wuya. Daga ƙarshe, a bayan wani tsohon sito, ya tarar da gawar inji irin nasa, ciyawa ta cinye tayoyinsa, kaza ta yi ƙwai a cikinsa. Ƙarfen na nan lafiya. Ya biya mai wurin, ya kwance shi.

Ya dawo gida ƙafafu a kumbure, bai ko zauna ba ya ɗaura, ya shiga gona da tsakar rana. Injin bai taɓa aiki mai kyau irin na ranar ba. Ƙulli bayan ƙulli, ko ɗaya bai kuskure ba. Sai dai duk inda haƙoran injin suka ɗaga harawa, ganyen da rana ta gama ƙonawa sai ya marmashe kamar garin kuka, iska ta kwashe. Ya waiga ya ga koriyar ƙura tana tashi a bayansa. Ya san ko mece ce. Ya juya ya ci gaba da tuƙi, don babu sauran abin yi.

Ya jera damunan a bayan gida, masu wucewa suna yaba tsarinsu. Da rani ya tsananta, ya yanke igiyar na farko ya zuba wa raguna. Suka tura hanci suna tona, suna neman ganye, ba su samu komai ba sai tsinke. Suka ɗago suna kallonsa suna kuka. A rumfar maƙwabci kuwa, damin hannu sako-sako na nan kore shar. Kafin ruwan bazara ya sauka ana iya ƙirga haƙarƙarin ragunan daga bakin zaure, ya kora su kasuwa ya sayar yadda aka taya. Da ya dawo ya zauna a inuwar taraktar, ya laluba aljihu, ya ji karyayyen ƙarfen na nan inda ya sa shi.

Abin da masu iya magana ke nufi ke nan da suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.