Baba Ya Ce Sai Na Fara

Baba ya ƙanƙame ƙofar motar asibiti, ya ce ba mai huda masa yatsa.

Ciwon suga da hawan jini ne suka kashe yayansa, shi ma ga tumbi, ga haki. Motar kuma yau za ta wuce wani ƙauyen.

Na ce, "Baba, don Allah. Kamar cizon sauro ne."

"To jarumi, fara mu gani."

Na miƙa hannu ina murmushin dole. Ma'aikaciyar jinya ta auna ƙuguna, ta huda yatsana, ta ɗiga jinina a 'yar na'ura. Ta dubi sakamakon. Ta sake gwadawa. Ta kira likita.

Na ce, "Malama, ba ni ne marar lafiyar ba. Baba na kawo."

Baba ya saki ƙofar, ya dafa kafaɗata, ya dubi ma'aikaciyar.

"'Yata, ni tun bara aka gwada ni. Shi na kawo. Na daɗe ina ganin kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari."